Ƙwaƙwalwar Inji a Kular Abinci

Tun da na dawo daga Damagaram ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a benci sai wani ya matso: "Habibu, wai da gaske a kular abinci ka kai inji ƙasar waje?" Na ba da labarin nan har ya fara sauya kama a bakin mutane. Shekaranjiya na ji wani yana rantsuwa wai jirgi na hau. To ga shi na rubuta. Duk wanda ya sake tambayata, in miƙa masa takarda in huta.

Ga wanda bai san ni ba, shagon kwafi da buga takardu gare ni a bakin kasuwar garinmu, gaba da Ɗambatta kaɗan. Jarina duka inji ɗaya ne, ƙato, tsayinsa ya kawo mini ƙirji, irin na manyan ofisoshi. Gwanjonsa na saya a hannun wani ɗan Daura, shi kuma daga Nijar ya sauko da shi. Yana kwafi, yana bugawa, kuma yana da rumbu a cikinsa. In ka ɗora takarda ya ɗauki hotonta sai ya adana, ko bayan shekara ka dawo a fitar maka. Wannan na yi ta cika baki da shi. Nakan ce wa mutane gara tana cin takarda, ruwa yana cinta, amma injina ba ya mantuwa. Mutanen garinmu suka gaskata ni, suka riƙa kawo takardun gona da na haihuwa da na makaranta, suna cewa, "A sa mini a inji."

Cikin waɗanda suka kawo har da Inna Hanne, wata dattijuwa da mijinta Malam Audu ya daɗe da rasuwa. Takardarta rabin shafi ce, rubutun ajami, ta yi ja don tsufa. A ciki aka rubuta cewa Malam Audu ya sayi kason gonar gado na ƙaninsa Malam Ɗahiru. Gonar nan ita ce tuwon Inna Hanne da jikokinta biyu. Daminar da ta wuce ɗakinta ya rushe, akwati ya kwana uku a cikin laka, takarda ta zama kunu. Ba ta damu ba. Ta ce ai tana inji.

Sai ga Sale, ɗan Malam Ɗahiru, ya dawo daga birni. Adaidaita yake tuƙawa a Kano, da mai ya yi tsada ya ga wuni yake yi wa gidan mai aiki, ya mayar wa mai ita da makulli, ya kwaso mata da 'ya'ya huɗu ya dawo gida. A wajenmu kuwa gona ta haɗe da gona, babu dajin da za ka sara. Yana goye ubansa ya rasu, bai san komai ba sai abin da aka gaya masa, wai ubansa yana da kaso a gonar da Inna Hanne ke nomawa. Shaidun cinikin duk ƙasa ta rufe musu ido. Ban ga laifin Sale ba, mai 'ya'ya huɗu ne da ba shi da inda zai kai taki. Ya kai ƙara wajen dagaci yana neman kason. Dagaci ya sa ranar Laraba ta sama, ya ce mai takarda ya zo da ita.

Yanzu ga tawa ɓarnar. Injin nan yana da manhajar da ke tafiyar da shi, masu gyara na ce mata famwaya. Makonni yana nuna mini a gilashinsa cewa sabuwa ta fito, in sabunta. Ran nan babu ciniki, na ce bari in yi masa gata. Na haɗa shi da datar wayata, na tayar da janareto, na danna. Man da ke tankin bai fi rabin kwalba ba, kuma na sani. Na ce ai minti biyar ne, me zai kai ni wajen 'yan bumburutu da wannan tsada. Layin da ke nuna aikin ya wuce rabi ke nan janareto ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Na ruga na sayo mai, na sake tayarwa. Inji ya kawo haske, ya tsaya a tambarinsa, bai ƙara motsi ba.

Kwana uku bayan haka Inna Hanne ta shigo da sandarta.

"Habibu, zuwa na yi ka fitar mini da takardar nan. Laraba za a zauna."

Na so in ce inji yana hutawa. Bakina ya ƙi. Na gaya mata gaskiya, har da zancen rabin kwalba. Ta daɗe tana kallon injin, sannan ta dube ni.

"Kai fa ka ce ba ya mantuwa, ɗan nan."

Ta juya ta fita. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun da na girma.

Washegari na shiga Kano. Masu gyara uku na gani, bakinsu ɗaya: a yi masa filashin, kamar yadda ake yi wa waya. Inji zai tashi, amma duk abin da ke rumbun zai goge. Na ce to a cire rumbun a karanta a kwamfuta. Suka ce a kulle yake, ba ya buɗewa sai da fanel ɗinsa, wato koren allon nan da ke zaman ƙwaƙwalwar injin. Na dawo shago. Ina jingine da injin sai idona ya faɗa kan wata 'yar takarda da ke manne a gefensa tun ranar da na saye shi, da rubutun Faransanci da lambar waya ta Nijar. Shekara huɗu ina ganinta ban taɓa kula ba. Na kira. Wani dattijo ya ɗauka, ya ce sunansa Malam Isufu, a Damagaram yake, shi ke duba injin tun yana ofis. Na zayyana masa komai.

"Kar ka bari kowa ya taɓa shi," in ji shi. "Ina da ɗan'uwanshi nan, iri guda. Ciro fanel da rumbu ka taho, mu sa su cikin nawa."

Na ce ba zai turo mini manhajar ta waya ba? Ya ce mutumin da ya fara wannan aiki da rabin kwalba ba zai tura masa komai ba. Na haɗiye, don gaskiya ya faɗa.

Abin da zan sa su a ciki ya zama aiki. Ba sa son zafi, ba sa son bugu, ba sa son danshi. Na duba gidan kaf ban ga abin da ya kai kular abincin maiɗakina Larai ba. Na naɗe su a tsohon zanenta, na cusa audugar matashi, na rufe. Ta raka ni har zaure tana cewa kular nan ta aurenta ce, ko inji bai tashi ba ita dai ta dawo.

Asabar da sassafe na hau mota a tashar Ɗambatta. Mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba. Direban nan duk gangara sai ya kashe mota ta tafi da kanta, yana cewa mai ya fi jini tsada. Kusa da ni wata Hajiya ce mai jiki, Hajiya Dije, 'yar Damagaram, tana fataucin atamfa. Tun daga Kazaure take satar kallon kular da na rungume a cinya. Da muka doshi Daura haƙurinta ya ƙare.

"Malam, ku Kanawa haka kuke? Tun ɗazu kana rungume da abinci, ko bisimilla babu?"

Na buɗe mata. Ta leƙa, ta ga koren allo da ƙarfe a cikin zane, ta yi salati. Na ba ta labarin Inna Hanne. Ba ta yi dariya ba. Ta kwance ƙullinta ta fito da dambun zogale da ƙuli, ta ce in ci, tunda kulata ba ta ciyar da kowa.

A Daura muka sauya mota zuwa Kongolam. Nan ne iyaka. Na zaci zan ga wani abu daban, sai na ga gero iri ɗaya, jakuna iri ɗaya, mutane suna gaisawa da Hausa ta kowane gefe. Abin da ya sauya kakin jami'ai ne da kuɗin aljihu. Na canza nairata, aka ba ni 'yan takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba. Na tsaya ina jiran ragowa, mai canji ya ce ai shi ke nan. A nan na ga faɗuwar naira da idona.

A ɗaya daga shingayen da ke gaba aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani jami'i dogo ya duba katin shaidata, ya nuna kula. Da na ɗaga murfi ya ja da baya taku biyu, hannunsa ya koma ƙugu. Ban ga laifinsa ba. Baƙo, da wayoyi da koren allo a ɓoye cikin mazubin abinci, a wannan zamani. Ya ce in bi shi ofis. Na yi bayani da Hausa, na yi da Turancina, babu wanda ya shiga. Ya ce za a riƙe kayan sai babba ya zo ran Litinin. Jiran Litinin kuwa ya ci mini Laraba ke nan. Hajiya Dije ta biyo mu ba a kira ta ba, tana faɗa da Faransanci da Hausa a haɗe. Can ta hango wata ƙaramar firinta a kan tebur an lulluɓe ta da tsumma.

"Wannan me ya same ta?"

Ya ce sati biyu ke nan tana cin takarda, da hannu suke rubuta komai.

"To ga likitanta Allah ya kawo maka. In ƙarya yake ai yanzu za a gani."

Na buɗe bayanta ina addu'a a zuci. Na zaro guntun takardar da ta maƙale, na leƙa, sai ga ɓawon gyaɗa ya shige tsakanin robobin da ke jan takarda. Na ciro shi da tsinken tsintsiya, na goge robobin da gefen rigata da ɗan ruwan buta. Ta buga shafi fes. Jami'in ya dubi ɓawon, ya dubi abokin aikinsa da ke zaune da ƙullin gyaɗa a gabansa, duk muka fashe da dariya. Shi ya rufe mini kular da hannunsa, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Daga Matamaye zuwa Damagaram ban ga komai ba, barci na yi a kafaɗar wani mai awaki. Bayan la'asar muka shiga gari. Hajiya Dije ta sa ɗan kabu-kabu, wato ɗan acaɓarsu, ya kai ni har ƙofar Malam Isufu, ta kuma ja masa kunne kada ya yi gudu da kula.

Malam Isufu gajere ne, siriri, da farin gemu da tabarau ɗaure da zare. Ban gama sallama ba na fara kwance zane. Ya ɗaga hannu.

"Sannu da tahiya. Aje nan. Ka ci abinci?"

A zaurensa ya sauke ni, da tabarma da gidan sauro. Aka kawo shinkafa da miya mai yawan albasa, da burodin nan nasu dogo kamar sanda, mai tauri a baya, wanda sai da na jiƙa shi kafin haƙorina ya shige. Sannan shayi. Mu a gida shayi kofi ne babba da madara, ka sha ka tashi. Su kuwa ɗan mitsitsin gilashi ne, a dafa sau uku, na farko ɗaci kamar maɗaci, kuma ba a tashi sai an sha na ukun. Duk gaggawarka sai ka ba shayi awa biyu.

Sai da aka sha na uku ya ɗauko wani tsohon littafi. Kowane injin da ya taɓa dubawa yana da shafinsa: lambarsa, ranar da aka sauya masa abu, da manhajar da ke kansa. Ya duba lambar fanel ɗina, ya buɗe shafi, ya yi murmushi.

"Wannan ai ɗana ne. Shekara shida ina kula da shi bai taɓa yi mini gardama ba." Ya dube ni ta saman tabarau. "Sabuntawa ba laihi ba ce. Amma kahin ka fara, ka kwashe ajiyar mutane ka aje waje guda. Kuma ba a farawa da wutar da ba ka da tabbacinta. Kai ka tsallake duka biyun."

Na ce haka ne, Baba. Na tambaya ko za mu fara yanzu. Ya ce a'a. Wutar gari, da suke kira kuran, tana zuwa tana tafiya, ba zai dogara da ita ba. Batiran solarsa kuwa sun yi ƙasa. In aikin ya sake yankewa a tsakiya, rumbun ya tafi har abada. Sai batir ya cika maƙil, wato sai rana ta wuni a kansa gobe ba a taɓa shi ba.

Lahadi ita ce ranar da ta fi kowace tsawo a rayuwata. Na fita in rage lokaci, na tarar daga azahar gari yake rufewa. Shaguna a kulle, titi fayau, kowa ya kwanta sai la'asar. Mu da ko kwafi ɗaya aka zo yi muna cin abinci sai mun tsame hannu mun tashi, abin ya ba ni mamaki, daga baya kuma ya ba ni sha'awa. Da na dawo na nemi ruwan sanyi aka kawo mini na randa. A nan na gane abin da ake ciki. Matar Malam Isufu ƙanƙara take sayarwa, firjinta a kan batiran nan yake. An kashe shi tun asuba, an kashe fankoki, gidan duka suna fifita da mafici a wannan zafin bazara. Masu sayen ƙanƙara suna ta sallama ana ba su haƙuri. Duk saboda wata tsohuwa da ba su taɓa gani ba, da wani sakarai da ya ƙi sayen mai. Na ce a gaya mata ta yafe ni. Ta amsa daga cikin gida:

"Ba don kai ba ne, Malam. Uwata ma da gona guda ta rene mu."

Litinin da hantsi ya duba mitar batir, ya ce, "Yawwa, yanzu mu fara." Ya wanke hannu, ya cire fanel da rumbun injinsa, ya sa nawa. Ya buɗe wani gwangwanin alewa cike da ƙananan memori, kowanne da lamba a jiki, ya zaɓi ɗaya ya soka. Ya danne maɓallai biyu ya kunna. Layin nan ya bayyana, ya fara rarrafe. Da ya zo daidai inda ya mutu a hannuna sai ya tsaya cak. Minti ɗaya, biyu, biyar. Gumi ya jiƙa mini riga. Malam Isufu kuwa yana tsugune yana hura gawayin shayi, ko waiwaye bai yi ba. Na ce, "Baba, ya tsaya." Ya ce, "Aiki yake. Zamna." Can layin ya motsa, ya tafi har ƙarshe. Inji ya mutu, ya sake tashi da kansa, ya yi wannan gurnanin da na san shi da shi.

Na buɗe ajiya. Ga su nan jere yadda na sa musu suna: Takardar Ɗanladi mai taya, Haihuwar 'yan biyun Talatu, Gonar Inna Hanne. Na danna. Takarda ta fito da ɗuminta. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban ɓoye ba. Malam Isufu ya ƙyale ni na gama, sannan ya sa na buga guda biyar, ya kuma kwafe ajiyar duka a memori biyu, ɗaya nawa ɗaya a gwangwaninsa. Abin da ya karɓa a hannuna bai kai kuɗin motata ba.

Talata na kamo hanya. Jami'in nan dogo ya hango ni da kula ya ɗaga mini hannu, ya ce firinta tana gaishe ni. Na iso gida bayan magariba, na miƙa wa Larai kularta, ta duba murfin ta ga bai fashe ba sannan ta yi mini sannu da zuwa.

Laraba aka zauna a ƙofar gidan dagaci. Inna Hanne tana gefe a kan tabarma, Sale yana fuskantarta, ya rame, idonsa ya faɗa. Na miƙa takarda. Dagaci ya juya ta, ya ce wannan ai hoto ne, ina ta asali? Aka ce ruwa ya ci. Sale ya gyara zama.

"Ranka ya daɗe, ba raini ba. Amma mai inji ai babu abin da ba zai iya fitarwa ba."

Ban ji haushi ba. Sai dai ban taɓa tunanin wannan ba. Duk wahalar nan tana shirin tashi a banza. Dagaci ya miƙa wa Liman ya karanta. Liman tsoho ne ƙwarai, ya kai takardar dab da idonsa, ya karanta layi biyu, sai ya ɗago kai.

"Allahu akbar. Wannan hannun Ɗahiru ne. Gaban malami ɗaya muka yi karatu, shekara bakwai allona yana jingine da nasa. Shi ya rubuta da kansa. Ko a cikin takardu dubu zan fitar da rubutunsa."

Sale ya miƙa hannu, aka ba shi. Bai iya karatun ajami ba, na ga yadda ya riƙe ta. Ya daɗe yana kallo.

"Malam, ina sunansa yake?"

Liman ya kama yatsansa ya ɗora a layin ƙarshe. Sale ya bar yatsan a wurin. Sannan ya dubi dagaci.

"Ranka ya daɗe, na janye. Inna, ki yafe ni. Ni ko hotonsa ba ni da shi. Ban taɓa ganin abin da hannunsa ya yi ba sai yau."

Inna Hanne ta ja mayafi ta rufe fuska. Aka shafa fatiha, mutane suka fara neman takalmansu. Sale bai tashi ba. Da na zo wucewa ya kamo gefen rigata, ya yi ƙasa da murya kamar mai roƙon abin da ya fi ƙarfinsa.

"Malam Habibu, wannan ɗin, zan iya tafiya da ita?"